Dabbar da ke cikin waya: Rai gare ta ko lissafi ne?

A watan Mayun 2025 gidan adana tarihin wasanni na The Strong da ke birnin Rochester a jihar New York ya saka Tamagotchi cikin jerin fitattun wasannin bidiyo na duniya. Wannan ɗan abin wasa mai siffar ƙwai, wanda ake rataya wa makulli, a lokacin ya kusa cika shekara 30 ana ciyar da shi ana kwashe masa kashi. Karramawar ta zo ne a daidai lokacin da kamfanoni suka cika kasuwa da sabbin dabbobin allo da na roba, suna tallata cewa an saka musu ƙirƙirarriyar basira, suna da hali nasu na kansu, suna koyo, har suna shaƙuwa da mai su.

Ko a gidajen da ba a taɓa jin sunan Tamagotchi ba, an san kyanwar nan ta My Talking Tom da yara ke karɓar wayar uwa don su yi mata wanka su ba ta abinci. Yaro zai zo da hawaye ya ce kyanwarsa tana jin yunwa, babba ya rasa amsar da zai ba shi. Yunwar gaske ce? Akwai wani abu a cikin wayar da ke wahala idan an ƙyale shi? Ruɗanin ya samo asali ne daga yadda ake sayar da abubuwa iri-iri da suna ɗaya, alhali abin da ke cikinsu ya sha bamban.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Dabbar allo ita ce duk wata halitta ta cikin manhaja ko na'ura da aka tsara don mutum ya kula da ita, ya ciyar da ita, ya yi mata magani, ya yi wasa da ita. Sunan yana bayyana alaƙar mutum da abin ne kawai, bai ce komai ba game da yadda aka gina cikinsa.

Kwaikwayon aikin jiki mataki ne na gaba. A nan mai tsara wasan ba ya rubuta cewa ƙarfe kaza dabba za ta nuna yunwa. Yana gina mata ciki na lissafi: abinci ya shiga, ya narke ya zama sukari a jini, motsi ya ƙone sukarin, idan ya ragu sai wani sinadari ya taru wanda shi ne yunwar. Duka lambobi ne a ƙwaƙwalwar kwamfuta, amma lambobin suna shafar juna kamar yadda sassan jiki ke shafar juna.

Ƙirƙirarriyar rayuwa kuwa fage ne na bincike, wanda ya girmi waɗannan wasanni. Masu shi suna ƙoƙarin fahimtar rayuwa ta hanyar gina abubuwan da ke nuna alamominta, wato girma, haihuwa, gado, sauyi daga tsara zuwa tsara da mutuwa. Ana yawan haɗa shi da ƙirƙirarriyar basira, amma hanyarsu daban. Basira tana neman abin da zai yi tunani ko magana irin ta mutum. Ƙirƙirarriyar rayuwa za ta gamsu da abin da bai kai tsutsa wayo ba, muddin yana ci da kansa, yana haihuwa, 'ya'yansa suna gadonsa.

Ƙwan Bandai da abin da ke cikinsa

Kamfanin Bandai na Japan ya fitar da Tamagotchi ranar 23 ga Nuwamban 1996 a kan yen 1,980. Akihiro Yokoi na kamfanin WiZ da Aki Maita ta Bandai su ne aka fi dangantawa da ƙirƙirarsa, sunan kuma haɗin kalmar ƙwai ce da ta agogo a bakin Japanawa. Allonsa bai fi tambarin wasiƙa girma ba, ga madannai uku a ƙasa. Idan aka zare 'yar takardar da ta tare batir aka saita lokaci, ƙwai zai bayyana yana rawa, bayan kamar minti biyar ya ƙyanƙyashe. Daga nan aiki ya samu mai shi. Akwai zukata huɗu na ƙoshi, huɗu na farin ciki, kowanne yana raguwa da tafiyar agogo. Abin zai yi ƙara yana kira. Ya yi kashi a kwashe, in an bari ya taru sai alamar ƙoƙon kai ta fito a gefensa, ma'ana ya kamu da ciwo sai an yi masa allura. Da dare a kashe masa fitila. Wani lokaci ya yi kira ba gaira ba dalili, a nan tsawatarwa ake so.

A bayan wannan duka ba komai sai agogo da ƙidaya. Na'urar tana lissafa sau nawa ta yi kira ba a amsa ba, kuma yawan wannan sakaci ne ke yanke irin siffar da dabbar za ta ɗauka idan ta girma, daga cikin 'yan siffofin da aka riga aka zana. Ba ta koyon komai. Idan ta mutu, akwai ɗan rami a bayanta da ake dannawa da tsinke, sai sabon ƙwai ya fito.

Duk da haka an sayar da kusan miliyan 40 a shekarun farko, makarantu a ƙasashe da dama suka hana shiga aji da shi saboda kiran da yake yi ana tsakiyar darasi, kuma a 1997 aka ba Yokoi da Maita kyautar barkwanci ta Ig Nobel a fannin tattalin arziki, saboda miliyoyin sa'o'in aiki da suka karkatar zuwa kiwon dabbar roba. Da yayin ya wuce Bandai ta kwana da kaya jibge a rumbu, ta yi asarar biliyoyin yen, kafin ta farfaɗo da shi a 2004.

Galibin dabbobin allo da suka yi suna a wannan sahu suke. Dogz na kamfanin PF Magic, wanda ya riga Tamagotchi fitowa a 1995, ya dogara ne da kyan motsi irin na zanen katun. Karnukan Nintendogs na 2005, da aka sayar da kusan miliyan 24, suna gane sunansu idan an kira ta makirfo, amma ba sa tsufa ba sa mutuwa. Furby na 1998, wata 'yar tsana mai gashi da ke magana, ya fi kowa iya rufa-ido: yana fara magana da wani yare nasa, a hankali ya riƙa sako Turanci kamar yana koya daga mutanen gida, alhali kalmomin suna cikinsa tun daga masana'anta, lokaci kawai suke jira. Rufa-idon ya kai ga hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka ta hana shiga ofisoshinta da shi a 1999, don gudun kada ya naɗi sirri ya maimaita.

Inda tunanin gina rayuwa ya samo tushe

Tun a shekarun 1940 masanin lissafi John von Neumann ya zauna yana lissafa ko na'ura za ta iya haifar irinta, ya kuma nuna a takarda cewa za ta iya idan tana ɗauke da bayanin yadda aka gina ta, tana kwafe bayanin tana miƙa wa 'yarta. A 1970 John Conway na jami'ar Cambridge ya fito da wani wasa da ya kira wasan rayuwa. Fili ne mai gidaje kamar na dara, sai dai ba shi da iyaka, kowane gida yana da maƙwabta takwas. Gida mai rai zai ci gaba idan maƙwabtansa masu rai biyu ne ko uku, ƙasa da haka ko sama da haka ya mutu, gidan da ba kowa kuma zai rayu idan masu rai uku daidai suka kewaye shi. Dokokin ke nan. Amma da aka sake su sai ga siffofi suna tafiya a kan filin, wasu suna harbo wasu, abin da babu inda aka rubuta shi a cikin dokar.

Wannan shi ne ginshiƙin fagen baki ɗaya: ƙananan dokoki a ƙasa, hali mai sarƙaƙiya ya ɓullo a sama. Craig Reynolds ya nuna haka da tsuntsaye a 1986. Ya ba kowane tsuntsun kwamfuta umarni uku, kada ka yi karo da na kusa, ka bi inda suka nufa, kada ka yi nisa da su, sai garken ya riƙa juyawa a sama kamar tsuntsayen jan-baki idan sun taso wa gonar gero, ba tare da shugaba ba. A 1987 Christopher Langton ya tara masu irin wannan aiki a Los Alamos da ke Amurka, a nan fagen ya samu sunansa.

Gwajin da ya fi tayar da ƙura shi ne na Tom Ray, masanin muhalli da ya yi shekaru yana bincike a dazuzzukan Kosta Rika. A farkon 1990 ya saki wata 'yar manhaja mai umarni 80 a cikin duniyar kwamfuta da ya kira Tierra. Aikinta ɗaya ne, ta kwafi kanta. Ya sa kwafin ya riƙa yin kuskure jefi-jefi, ya kuma sa wani mai yanka da ke share tsofaffi idan wuri ya cika. Ba a daɗe ba sai ga wasu masu umarni 45 sun bayyana, waɗanda ba su da sashen kwafi nasu, sai dai su ari na maƙwabta. Ƙwayoyin cin-gumin-wani ke nan, kuma Ray bai rubuta su ba. Daga baya zuriyar masu 80 ɗin ta samu kariya daga gare su, masu aron su ma suka sake dabara.

Norn: dabbar da aka gina daga ciki

Wasan da ya ɗauko wannan bincike ya kai shi ɗakin yara shi ne Creatures, wanda Steve Grand, wani Baturen Ingila da ya koya wa kansa rubuta manhaja, ya gina wa kamfanin Millennium Interactive na Cambridge, aka fitar da shi a 1996. Ana ba mai wasa ƙwai shida na wasu halittu masu manyan idanu da ake kira Norn, a wata duniya mai suna Albia.

Kowane Norn yana da ƙwaƙwalwa mai ƙwayoyin jijiya kimanin 1,000 da aka raba sassa tara, da mahaɗai wajen 5,000 a tsakaninsu. Yana da jini na lissafi mai gurbin sinadarai 256. Yana kuma da kundin gado mai ƙwayoyi kimanin 320, kuma abin lura shi ne ƙwayoyin gadon nan galibi ba hali suke rubutawa ba, gini suke rubutawa: wane sinadari ne ke haɗuwa da wane ya ba da wane, da wane sauri yake ƙarewa a jini, wane sashen ƙwaƙwalwa ne ke jin tasirinsa, wane launi fata za ta yi.

A ɗauki jaririn Norn da ke tsaye kusa da karas. Yana ta yawo, sukarin jininsa yana raguwa, sinadarin yunwa yana hawa. Bai san karas ba. Zai tura ƙwallo, yunwa ba ta sauka ba. Zai danna madannin lif, nan ma shiru. Can ya ɗauki karas ya ci. Sitacin da ke ciki ya narke ya zama sukari, rarar ta tafi ajiya, wani sinadari mai rage yunwa ya haɗu da yunwar, haɗuwar tasu ta haifar da sinadarin lada. Ladan nan shi ke ƙarfafa mahaɗan jijiyar da suka yi aiki a 'yan daƙiƙun da suka wuce, wato waɗanda suka haɗa jin yunwa, ganin karas da ci. Gobe idan yunwa ta taso, hanyar karas ta fi sauran faɗi a ƙwaƙwalwarsa. Mai wasa yana da hannu a allo da zai taimaka da shi: ya sosa wa Norn hanci ya samu lada, ya ɗan mare shi a baya ya samu horo. Da haka ake koya masa sunayen abubuwa da 'yan kalmomin aiki, da haka ake raba shi da tsiro mai guba. Akwai ƙwayoyin cuta a Albia da garkuwar jiki da ke yaƙarsu, akwai ma tukunyar giya da Norn zai sha ya yi ta tangaɗi.

Idan namiji da mace suka haihu, kundin ɗan yana ɗibar wani yanki daga uwa wani daga uba, a wurin kwafin kuma ana samun tuntuɓe: ƙwaya ta canza, ko ta maimaitu, ko ta ɓace. Yawanci barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma wani lokaci albasa ba ta yin halin ruwa, a haifi wanda ba ya motsi, ko wanda ya mutu yana fita daga ƙwai, ko wanda tsufa ba ya kama shi sam saboda ƙwayar da ke kawo shi ta lalace. Masu wasa sun yi ta samun irin waɗannan suna aika wa juna ta imel, domin ana iya fitar da Norn daga wasan a matsayin fayil. Wasu sukan zuba ƙwai su tafi su bar kwamfuta a kunne kwana da kwanaki ba su sa hannu ba, su dawo su ga zuriyar da ta tsira.

Akwai wani bambanci da gadon ɗan Adam da ya kamata a sani. Mutum yana ɗauke da kwafi biyu na kowace ƙwayar gado, shi ya sa mai AS yake yawo lafiya lau da ƙwayar sikila a ɓoye, sai ya auri mai AS a samu yiwuwar ɗaya cikin huɗu ta haifar mai SS a kowane ciki. Norn kwafi ɗaya gare shi, don haka ba shi da irin wannan ɓoyayyen gado. Wasan Niche na 2017, daga wani ƙaramin kamfani a Zurich, shi ne ya bi tsarin kwafi biyu mai rinjaye da mai laɓewa, sai dai shi kuma dabbobinsa ba su da ƙwaƙwalwa tasu, mai wasa ne ke motsa su.

Gini daga ciki yana da tsadarsa, kuma Creatures 2 na 1998 ya nuna ta. Norn ɗin da aka fitar da wasan da su sukan rikice bayan kamar awa ɗaya da haihuwa, su daina ci, su daina barci, su yi ta buga kai da bango. Ba wani layi ɗaya na manhaja da za a nuna a ce ga kuskuren, matsalar tana cikin yadda sinadaran lada da horo ke cuɗanya da ƙwaƙwalwa. Masu wasan da kansu suka shiga gyaran kundin gado suna rarraba nasu. Kamfanin da ke son kaya mai tabbas ba zai so irin wannan ba, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa hanyar Grand ba ta samu magada da yawa a kasuwa ba, ko da yake an ba shi lambar girmamawa ta OBE a 2000.

Masu cewa rai ne da masu cewa hoto ne

Masu ra'ayi mai ƙarfi a wannan fage, irin su Langton da Ray, suna ganin rayuwa tsari ce, ba kayan da aka gina ta da shi ba. A wurinsu idan abu yana kwafar kansa, yana gado, yana sauyawa, ana tace nagari daga cikinsa, to juyin halitta ne na haƙiƙa ke faruwa, ko a cikin ruwa ne ko a cikin kwamfuta. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ƙwayoyin Tierra: ba hoton gasa aka zana ba, gasar ce ta faru a kan wuri da lokacin na'ura.

Ɗaya ɓangaren suna kafa hujja da misalin da masanin falsafa John Searle ya bayar a 1980, cewa kwaikwayon ruwan sama a kwamfuta ba ya jiƙa kowa. Kama da wane ba ta wane. Sukarin jinin Norn lamba ce, ba ya ba shi ƙarfin komai, wutar soket ce ke tafiyar da shi, kuma idan aka kashe kwamfutar shekara guda aka kunna, zai ci gaba daga inda ya tsaya. Ma'anar rayuwa da hukumar NASA ke aiki da ita tun shekarun 1990 tana goyon bayansu ta wani gefe, domin ta ce tsari ne na sinadarai mai riƙe kansa wanda ke iya juyin halitta. Norn ya ɗan taɓa sharaɗi na ƙarshe, ya faɗi a na farko. Ko a tsakanin masu binciken an yarda cewa duniyoyin kwamfuta sukan ƙirƙiro sabon abu na ɗan lokaci sannan su tsaya cik, ba kamar dajin gaske ba. Norn zai haifi Norn mai wani launi ko wani hali, amma ba zai taɓa fito da fiffike ba, domin ayyukan da zai iya da nau'in abubuwan da zai gane an ƙayyade su tun farko.

Ga mai imani, Musulmi ko Kirista, akwai kalmar da wannan muhawara ba ta taɓa ba, wato ruhi. Masu binciken suna magana ne a kan alamomin da ake aunawa, ci da haihuwa da gado. Babu ɗayansu da ya nuna cewa akwai wanda ke jin zafi a cikin lambobin.

Sai dai tambayar ɗabi'a ta taso ko da ba a warware ta rai ba. A ƙarshen shekarun 1990 wani ya buɗe shafi yana wallafa Norn ɗin da ya azabtar da duka da yunwa, ya bar fayil ɗinsu ga mai so. Masu wasa suka yi masa ca, har da barazana, wasu suka riƙa sauke waɗannan Norn suna jinyarsu. Masu kare shi suka ce fayil ne kawai. Masu sukarsa kashi biyu ne: waɗanda suka yarda abin yana wahala, da waɗanda suka ce ko ba ya wahala, mutumin da ke jin daɗin kallon alamar wahala yana koya wa zuciyarsa wani abu.

Abin da ke jawo shaƙuwa

Da zurfin gini ne ke kawo ƙauna, da Creatures ya fi Tamagotchi kasuwa nesa ba kusa ba. Akasin haka aka gani. Tun a 1944 masana halayyar ɗan Adam Fritz Heider da Marianne Simmel suka nuna wa mutane ɗan gajeren hoto mai motsi na siffofi biyu masu kusurwa uku da da'ira ɗaya, kusan duk masu kallo suka ba da labarin mugu da wanda ake zalunta. Konrad Lorenz kuma ya bayyana yadda babban kai, manyan idanu da gajerun gaɓɓai ke tayar da tausayin reno a zuciyar mutum. A duba fuskar kowace dabbar allo za a ga wannan ma'auni. Sherry Turkle ta jami'ar MIT, wadda ta daɗe tana nazarin yara da irin waɗannan na'urori, ta lura cewa kulawar ce ke haifar da shaƙuwa: abin da ka ciyar, ka yi jinyarsa, shi kake so.

Japan ta ga ƙarshen wannan da karen roba na AIBO da Sony ta fitar a 1999. Kamfanin ya daina ƙera shi a 2006, ya rufe gyara a 2014. Daga 2015 wani wurin ibadar mabiya Buddha a lardin Chiba ya fara yi wa waɗanda suka lalace addu'ar bankwana kafin a cire sassansu a gyara wasu.

Dabbobin yau masu ƙirƙirarriyar basira sun ƙara wani salo. Suna hira da baki mai daɗi, suna tuna sunan yaro. Amma idan irin wannan ta ce tana jin yunwa, jimla ce da aka harhaɗa daga tarin rubutun mutane, kuma sau da yawa babu ko lambar sukari irin ta Norn a ƙarƙashinta. Ta fi Norn iya magana, Norn ya fi ta ciki.

Abin da ya shafi aljihu, lokaci da yara

Tamagotchi sau ɗaya ake biyan kuɗinsa. Dabbobin waya irin su Pou na 2012 da My Talking Tom na kamfanin Outfit7 na Sulobeniya, wanda ya fito a 2013, kyauta ake sauke su, kuɗin yana fitowa ne daga talla da sayen tsabar wasa. A irin wannan tsari yunwar dabba ita ce ƙararrawar da ke dawo da yaro kan allo, saurin saukar ƙoshinta kuma shawara ce ta kasuwanci da wani ya yanke a ofis. Kowace dawowa tana cin data da caji, ga bidiyon talla da ake kallo don a samu abinci ko riga. Inda aka haɗa katin banki da wayar, yaro yana iya saye da dannawa biyu idan ba a sa kalmar sirri ba. Waɗanda ke sauraron murya ko buɗe kyamara kuma suna tattara bayanai, kuma rumbun irin waɗannan kamfanoni ba ya fin ƙarfin ɓarayi: a 2022 an sace bayanan asusu kimanin miliyan 69 na shafin kiwon dabbobin allo na Neopets.

Kalmar gado ma ta zama hajar sayarwa. Wasan CryptoKitties na ƙarshen 2017 ya ba kowace kyanwa lambar gado da ake cakuɗawa idan an haɗa biyu, aka yi ta cinikinsu da kuɗin kirifto har hanyar hada-hadar kuɗin, mai suna Ethereum, ta cushe. Kyanwoyin ba sa ci, ba sa koyo, ba sa mutuwa, gadon nasu launi da siffa kawai yake yankewa. Wasan Axie Infinity na kamfanin Sky Mavis na Biyetnam ya ɗora a kan haka, dubban mutane a Filifin suka mai da kiwonsa sana'a lokacin korona, sannan darajar kuɗin wasan ta rushe, a watan Maris na 2022 kuma aka sace sama da dala miliyan 600 daga hanyar kuɗinsa.

Ta fuskar amfani, wasan da ke da gini na gaske yana koyar da abin da allon aji ke wahalar nunawa. Yaron da ya buɗe ma'aunin jinin Norn ya ga sukari yana sauka yunwa tana hawa, ko ya haɗa dabbobi biyu a Niche ya ga halin kaka ya dawo a jika, ya riƙe wani abu na ilimin halittu. Iƙirarin cewa dabbar allo tana koya wa yaro ɗaukar nauyi kuwa yana da iyaka, domin akuyar gida ba ta da ramin da ake dannawa da tsinke ta dawo. A gidajen kula da tsofaffi masu ciwon mantuwa a Japan da Turai ana amfani da Paro, na'ura mai siffar jaririn dabbar teku da Takanori Shibata ya ƙera, don kwantar musu da hankali, ana kuma muhawara kan ko hakan jinya ce ko yaudarar wanda ba zai iya bambancewa ba.

Sai batun wanda ke riƙe da makullin ran dabbar. Yawancin na yau ba a cikin wayar suke zaune ba, suna kan kwamfutocin kamfani ne. A watan Yunin 2013 kamfanin EA ya rufe Pet Society, wasan kiwo da miliyoyin mutane ke yi a Facebook, dabbobi da kayan da aka saya da kuɗi suka tafi a rana ɗaya. A ƙarshen 2024 kamfanin da ke ƙera Moxie, na'urar hira da yara da aka riƙa sayarwa dala 799, ya sanar da rufewa, iyaye suka shiga neman yadda za su gaya wa 'ya'yansu cewa abokin nasu zai daina magana. Irin wannan ne ya sa masu fafutukar hana kashe wasanni suka tara sa hannu sama da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai a 2025, suna neman a tilasta wa kamfanoni barin wasa a yanayin da zai ci gaba da aiki bayan sun janye. Kamfanonin suna cewa hakan zai ƙara tsadar ƙira, ya kuma jawo matsalar tsaro da haƙƙin mallaka.

Norn ɗin 1996 bai shiga wannan matsala ba, saboda duk abin da ya mallaka, ƙwaƙwalwa da jini da kundin gado, yana cikin ƙaramin fayil a hannun mai shi. Kamfanin da ya fara fitar da wasan ya daɗe da shuɗewa, amma har yau ana sayar da wasan a shagunan intanet, kuma wanda ya ajiye Norn ɗinsa a faifai tun wancan lokaci zai iya shigo da shi Albia ya same shi da kalmomin da ya koya masa.